An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Maganar Baƙin Man Tarakta

Na karanta rubutun da ɗan'uwanmu, malami mai kishin noma, ya yi kwanakin baya a kan baƙin man da ya dace a riƙa zuba wa tarakta. Sau biyu na karanta shi don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Abin da ya faɗa shi ne kowane mai tarakta ya rabu da man minaral, wato wanda aka tato daga ɗanyen mai kamar yadda aka saba, ya koma sintetik, domin zafin ƙasarmu ya fi ƙarfin na minaral. Ya kawo karin maganar nan ta araha ba ta ado. Sannan ya rufe da cewa wanda ya zuba sintetik zai iya kai awa 500 bai yi juye ba, ke nan tsadar man ta biya kanta.

Da a kan yabon sintetik ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Kowa da kuɗinsa, kuma man ba mugu ba ne. Maganar awa 500 ɗin ce ta tayar da ni, don na san kunnen da za ta faɗa. Za ta faɗa kunnen yaron da ke tuƙa taraktar haya, wanda dama yana neman dalilin ɗage juye don kada ya rasa aikin yini guda. Za ta faɗa kunnen mai taraktar da ya ci bashi ya saye ta, yana lissafin kowace naira. Na daɗe ina kula da taraktocin haya na wata ƙungiyar manoma a yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ƙasa ba ta hutawa rani da damina, inji ma haka. Na ga yadda inji ke mutuwa a gabana. Don haka, Malam, ka yi haƙuri da ni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu fara da zafin da ka kafa hujja da shi. Gaskiya ne a watan Afrilu da Mayu rana takan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, har ma a nan Kano. Sai dai baƙin mai ba a rana yake shanye ba, a cikin inji yake. Injin da ke jan haro zafin mansa yakan kai kusan digiri 100, ko a Kano yake aiki ko a Kanada, kuma abin da ke riƙe wannan zafi kada ya wuce ƙima shi ne ruwan lagireto da fanka da tamostat. Man minaral mai lamba 15W-40 don ya zauna a irin wannan zafin aka yi shi. In ka ga tarakta tana tafasa a gona, je ka leƙa lagireto, za ka tarar ƙaiƙayin shinkafa da ƙura sun toshe shi, ko kuma bel ɗin fanka ya saki. Babu man da zai warkar da wannan komai tsadarsa. A nan ma zan ɗan yi tsokaci ga kanikawanmu masu cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu da zafi: injin da ke aiki da sanyi-sanyi ba ya ƙone man gas da kyau, kuma ya fi saurin ɓata baƙin mai. Cutarwa ce suke yi da sunan taimako.

Lambar da ke jikin galan ɗin ma ta isa ta raba gardamar. Lambar baya, wato 40, ita ke nuna kaurin man idan ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake gwada shi. Sintetik mai lamba 5W-40 da minaral mai lamba 15W-40 aji ɗaya suke a wannan gwaji. Inda suka rabu shi ne lambar gaba, mai harafin W, kuma wannan harafi na hunturu ne, hunturun ƙasashen ƙanƙara. Mai 15W ana gwada yadda inji zai tashi da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri, mai 5W kuwa a digiri 30 ƙasa da sifiri. Manomin da ke Minesota a Amurka, wanda zai tayar da tarakta da asuba cikin watan Janairu ya kai wa shanu ciyawa, wannan bambanci rayuwar injinsa ce, don man minaral a irin wannan sanyi kamar man shanu yake daskarewa. Mu kuwa sanyin da muke kira jaura, har yara su ƙi wanka, da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 10 a Kano. Babbar falalar sintetik ta sanyi ce, Malam, kai kuma ka juya ta ka sayar mana da ita a matsayin maganin zafi.

To me ke kashe baƙin mai a gonakinmu? Ba tsufa ba ne. Datti ne.

Ɗauki Massey Ferguson 375, wadda ta cika ƙauyukanmu, mai injin Perkins na silinda huɗu. Idan tana aiki sosai, iskar da take shaƙa a minti ɗaya ta haura lita 3,000. Yanzu ka tuna irin iskar da ke bayan haro a ƙarshen rani, lokacin da ake gyaran gona kafin ruwan farko, direba ya rufe fuska da rawani, ba ka ganin taraktar sai ƙurar da ta lulluɓe ta. Wannan ƙura yashi ce mai laushi, kuma yashi ya fi ƙarfen silinda tauri. Abin da ke tsakaninta da cikin inji matatar iska ce kawai, da 'yar robar da ta haɗa matatar da inji. Duk abin da ya kuɓuce ya shiga, zai goge ringi da bangon silinda, ya gangara cikin mai, man kuma ya ɗauke shi ya zagaya da shi har kan metal da kiranshaf. Matatar mai tana kama manyan, masu laushin sukan wuce. Yashin nan bai san sunan man da ya faɗa ciki ba. A sintetik zai ci ƙarfe, a minaral zai ci ƙarfe, kuma hanya ɗaya ce ta fitar da shi: a kwance noti a zubar da man.

Ban koyi wannan a littafi ba. Akwai shekarar da muka zuba wa ɗaya daga cikin taraktocinmu sintetik mai tsada, na kuma ce wa direban kada ya damu da juye sai aiki ya lafa, don ni ma a lokacin na yarda da irin maganar da Malam ya rubuta. Kafin a gama huɗar damina ta fara shuɗin hayaƙi, tana shan mai, kullum sai an ƙara. Ƙarfinta ya ragu har ba ta iya jan rija a ƙasa mai laka. Muka kai ta gareji. Bakaniken, dattijo ne da ya tsufa a kan Perkins, ya ɗibi man a yatsa biyu ya murza, ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Na ji gurza-gurza kamar an zuba gari. Ya bi robar iska da hannu har ya kai bayanta, inda ido ba ya gani, sai ga tsaga wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka sauke inji a tsakiyar damina, manoman da suka ba da kuɗin haya suna zuwa ƙofar gidana safe da yamma, wasu gonarsu ta wuce lokacin shuka. Har yau in na tuna fuskar wani tsoho da ya tsaya bai ce mini komai ba, sai in ji nauyi a ƙirjina. Tsagar ce ta shigo da yashin, amma ɗage juyen da na yi shi ya bar yashin yana zagaye cikin injin mako bayan mako. Da an yi juye a kan lokaci, da hannun bakanike ya kai kan man tun ɓarnar ba ta yi nisa ba.

Bayan ƙura akwai kunkunniya. Kowane injin gas yana yin ta, shi ya sa man tarakta ke baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye, kuma wannan baƙin ba alamar lalacewa ba ne, alamar man yana aikinsa ne na ɗauke datti. Amma kowane mai yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Tsofaffin injinanmu da nozul ɗinsu ya gaji sun fi yin kunkunniya, wani nozul ɗin ma ɗigar da man gas yake yi, ya wanke bangon silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Direba ya zaro geji ya ga mai bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi, sai ya yi murna, bai san man gas ne ya cika masa ba.

Sai kuma sulfa, wato farar wuta da ke cikin man gas. Idan ta ƙone ta haɗu da tururi, abin da take haifarwa ɗan'uwan ruwan batir ne. Masu haɗa baƙin mai suna zuba wasu sinadarai don su kashe wannan tsami, amma sinadaran ƙarewa suke yi, kuma gwargwadon yawan sulfa gwargwadon saurin ƙarewarsu. A nan ne awa 500 ɗin Malam ta rasa ƙafar tsayawa. Lambar ba ƙirƙirarta ya yi ba, na sani. Kamfanin John Deere yana faɗar awa 500 a kan mansa mai suna Plus-50 II. Amma da sharaɗi yake faɗa: a yi amfani da matatar kamfanin, kuma man gas ya zama mai ƙarancin sulfa ƙwarai. A Amurka tun 2006 aka fara taƙaita sulfar man gas na motocin titi zuwa kashi 15 cikin miliyan, a Tarayyar Turai kuwa kashi 10 tun 2009. Mu a nan an daɗe ana halatta har kashi 3,000 cikin miliyan, abin da ya sa wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a 2016 kan ƙazamin man da ake turo wa Afirka ta Yamma. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50, kuma an samu ci gaba. Amma taraktar da ke cikin fadama ba a gidan mai take shan gas ba. A jarka ake kai mata, daga hannu zuwa hannu, wani an sirka shi da kananzir, wani da ruwa a gindinsa. Wa zai rantse a kan abin da ke cikin jarkar? Littattafan injina da yawa cewa suke yi in sulfa ta yi yawa a rage awannin juye, wasu ma su ce a raba biyu. Malam ya ɗauko alƙawarin ya baro sharaɗin a can.

Ita kanta kalmar sintetik ba ta da nauyin da ya ɗora mata. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen baƙin mai gida biyar. Na ɗaya da na biyu su ake kira minaral. Na huɗu shi ne wanda ake ƙerawa a masana'antar sinadarai. Na uku kuwa daga ɗanyen mai yake, sai dai an tsananta tace shi. A 1999 kamfanin Mobil ya kai ƙorafin Castrol gaban hukumar da ke duba gaskiyar talla a Amurka, a kan cewa Castrol na kiran man gida na uku da sunan sintetik. Hukumar ta ce Castrol na iya ci gaba. Tun daga nan mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna daga gida na uku yake. Mai kyau ne, ban musa ba. Amma man minaral na yau ma ba irin na zamanin da ake haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano ba ne. Na gida na biyu ya yi nisa da wancan, tazarar da ke tsakaninsa da na uku ba ta kai yadda talla ke nunawa ba.

Abin da na so Malam ya koya wa masu karatu bai ko ambata ba, wato haruffan API da ke bayan galan. Wanda ya fara da S na injin fetur ne. Wanda ya fara da C shi ne na injin gas: CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a ƙarshen 2016. Waɗannan haruffa su ke shaida cewa man ya ci jarrabawar ɗaukar kunkunniya da kashe tsami da kare ƙarfe. Ga hatsarin da shirun nan zai jawo: mutum ya karanta cewa sintetik ne mafita, ya shiga shago ya ce a ba shi sintetik, a miƙo masa 5W-30 ko 0W-20 na ƙananan motocin fetur, don su suka fi yawa a kan kanta. Ya biya kuɗi mai yawa ya zuba wa tsohuwar tarakta man da ya yi mata tsinki, wanda kuma ba a yi shi don dattin injin gas ba. Man minaral 15W-40 mai shaidar CI-4 ya fi wannan alheri nesa ba kusa ba. Akwai ma wani aji, FA-4, wanda na sababbin manyan motoci ne kawai, bai dace da tsofaffin injina ba ko da na gas ne.

Ba zan zalunci Malam ba, akwai inda yake da gaskiya. Sintetik ya fi jure ƙuna, bai cika ƙafewa ba, kuma a inji mai turbo, inda man ke ratsa wuri mai tsananin zafi, wannan yana da amfani. Sababbin taraktoci masu kwamfuta da matatar hayaƙi a salansa suna buƙatar mai mai ƙarancin toka, irin CJ-4 ko CK-4, kuma duk wanda littafin taraktarsa ya ce sintetik, to ya zuba sintetik, kada ya saurari kowa, har da ni. Haka kuma ina tare da shi wajen ƙaryata camfin gareji cewa sintetik na cinye sil, ko cewa in ka fara shi ba ka komawa minaral. Ana komawa, ana ma haɗa su in larura ta kama. Abin da ke faruwa a tsohon inji shi ne dattin da ya daskare ya toshe tsohuwar yoyo yakan wanke, sai yoyon ya bayyana. Sil ɗin dama ya mutu. Amma taraktoci nawa ne a ƙauyukanmu masu matatar hayaƙi? Mafi yawansu Massey Ferguson ne da Mahindra da Sonalika da ƙananan John Deere, injina masu sauƙi, waɗanda littattafansu ke kiran 15W-40 da juye a wajen awa 250 zuwa 300.

Mu zo kan kuɗi, tunda a nan ya ce tsada na biyan kanta. Lissafinsa ya tsaya ne a kan ƙafa ɗaya: mai ya ninka kuɗi, awanni su ninka, an yi canjaras. In awannin ba za su ninka ba, saboda ƙura da kunkunniya da sulfa, to abin da ya rage shi ne kuɗin da ya ninka kawai. Tarakta irin 375 tana cin kusan lita takwas a juye ɗaya. A ce tana yin awa 750 a shekara, juye uku ke nan. Rarar da mutum zai biya a kan sintetik sau uku ta isa ta saya masa matatar mai da ta gas da ta iska, da sabuwar robar iska, har a kai nozul a gwada. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo, kuma na san abin da talaka ke yi in ya sayi abu da tsada: yana jin ciwon zubar da shi. Wanda ya zuba man da ya ci masa kuɗi haka, hannunsa ba zai yi saurin kai wa notin juye ba. Sai ya ƙara mako, ya ƙara wani. Tsadar da kanta take zama dalilin jinkiri.

Akwai kuma jabu, wanda rubutun ya tsallake kamar babu shi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan. Mai yin jabu ba ya wahalar da kansa a kan galan mai araha, wanda riba ta fi yawa a kansa yake kwaikwaya. Yakan sayi tsofaffin galan, ya cika su da tushen mai wanda babu sinadari ko ɗaya a ciki, ko ma tsohon man da aka tace, ya liƙe murfi. Manomin da aka ce masa ya nemi sintetik ko ta halin ƙaƙa, kuma ya same shi da rangwame a bakin hanya, shi ne abincin waɗannan mutane. Mu a wurinmu doka ce: daga dilan kamfani ake saye, a karɓi rasit, a duba hatimin murfi, in an juye kuma a huda galan ɗin kafin a yar. Man da ake aunawa a kwalba kuwa ko kyauta ne ba ya shiga injinmu.

Tun bayan waccan damina da aka sauke injin, ga abin da muke yi, kuma ba mu sake sauke inji saboda mai ba. Kowace tarakta da littafinta, ana rubuta awannin da agogonta ya nuna. Wadda agogonta ya mutu ana ƙirga kwanakin aiki. Kowace safiya kafin a tayar, direba zai zaro geji, ya duba ruwa, ya buɗe matatar iska. Mai busasshiyar matata a kakkaɓe a hankali, mai tukunyar mai a ƙasa a duba in laka ta taru a wanke a sake zubawa. Man gas yana kwana a duro ya kwanta kafin a ɗiba, kuma ba a ɗibar na gindi. Juye a awa 250, da sabuwar matata kowane karo, in lokacin ƙura ne ma ba ma bari ya kai. Tarakta ko ba ta cika awannin ba, ba ta shiga sabuwar shekara da tsohon mai. Injin da aka sa wa sabon ringi kuwa juyensa na farko da wuri ake yi, don ƙarfe na zubar da gari kafin ya zauna.

Malam, ina roƙonka don Allah ka sake ɗaukar alƙalami. Ka ci gaba da son sintetik in ka ga dama, ba zan ja da kai a kan wannan ba. Amma ka fito ka janye maganar awa 500, ka gaya wa masu karatunka su buɗe littafin taraktarsu su bi awannin da ke ciki, su kuma duba harafin C a bayan galan kafin su biya kuɗi. Mutane sun yarda da kai, kuma gyaran gona ya kusa. Ka yi wannan gyara kafin taraktoci su shiga ƙura.